Kafin ka saya wa makaho kwamfuta, fara duba kibod

Idan za a saya wa ɗalibi ko ma'aikaci mai larurar gani kwamfuta, tambayoyin da ake yi a shago sanannu ne: Core i nawa ce, RAM nawa, allonta inci nawa? Daga Banex Plaza da ke Wuse 2 a Abuja har shagunan titin Ahmadu Bello a Jos, haka cinikin yake tafiya. Tambayoyin ba su da laifi, sai dai an bar babbar a baya. Wanda yake aiki da manhajar karanta allo, wato mai karanto abin da ke kan allo da murya, irin NVDA ko JAWS, ba ya kai hannu ga linzami, allon ma da za a kashe shi babu abin da zai ragu daga aikinsa. Duk abin da zai gaya wa kwamfuta, da yatsu zai faɗa a kan kibod, amsa kuma ta dawo masa ta kunne. Kibod ɗin da mai gani zai shekara uku da shi bai ga aibinsa ba, makaho zai gane matsalarsa kafin ya gama rubuta wasiƙa ɗaya, domin maɓallan da masu ƙera laftof suke cirewa don na'ura ta yi sirara, su ne dai waɗanda shi yake dannawa tun safe har dare.

Maɓallin farko da za a laluba shi ne Insert. Manhajar karanta allo tana da umarni nata masu yawa, kuma ba ta so su yi karo da na Windows ko na Word, shi ya sa take ware maɓalli guda ta mai da shi nata. A NVDA da JAWS da Narrator mai zuwa cikin Windows, maɓallin nan Insert ne ko Caps Lock. A biyun farko, Insert da T zai faɗa maka sunan tagar da kake ciki, Insert da F12 ya faɗi lokaci, Insert da kibiyar ƙasa ya karanta takarda daga inda kake har ƙarshenta, Insert da F7 ya jero maka mahaɗan shafin intanet. Cikakken kibod na tebur, mai maɓallai 104 ƙirar Amurka ko 105 ƙirar Turai, Insert biyu gare shi. Ɗaya yana cikin rukunin shidan nan da ke saman kibiyoyi, ɗayan kuma shi ne sifilin ɓangaren lambobi, faffaɗa, wanda babban yatsan dama yake sauka a kansa ba sai an nema ba.

Ɓangaren lambobin nan da ke hannun dama ya cancanci a tsaya a kansa, don yawancin masu saya suna ɗaukarsa kayan akawu ne kawai. Da zarar an kashe Num Lock, NVDA tana mai da shi wurin duba allo ba tare da an motsa alamar rubutu ba, wato alamar da ke nuna inda harafi na gaba zai shiga. Layin sama, 7 da 8 da 9, layin baya ne da wanda ake kai da na gaba. Layin tsakiya, 4 da 5 da 6, kalma-kalma. Na ƙasa, 1 da 2 da 3, harafi-harafi. Ka danna 5 sau biyu da sauri, ta jero maka haruffan kalmar ɗaya bayan ɗaya, wanda haka ake tabbatar da sunan mutum ko lambar asusu. Alamar rabawa tana zama dannan hagu na linzami, alamar ninkawa ta zama na dama. A JAWS kuma alamar tarawa da ta debewa su ne suke sauya ka tsakanin alamar rubutu da alamar JAWS mai yawo a allo. Duk wannan da hannu ɗaya ake yi, kuma a kan 5 akwai ɗan tudu da yatsa ke komawa gare shi, kamar na kan F da J.

Idan babu ɓangaren lambobi, aiki bai tsaya ba. Manhajojin suna da tsarin laftof. A NVDA, maɓallin manhajar da Control da K zai buɗe saitin kibod, a nan ake zaɓar tsarin laftof a kuma ba Caps Lock aikin Insert. Mutane da yawa sun ƙware a haka har ba sa neman wani. Amma a sani, abin da yatsa ɗaya yake yi a tsarin tebur, a na laftof yatsu biyu ne ko uku, wani lokaci huɗu. Kuma daga ranar, mai son kunna manyan haruffa sai ya danna Caps Lock sau biyu da sauri. Ni dai a ganina, mai koyo na farko ya fara da cikakken kibod, ko da laftof ce a gabansa. Kibod mai waya irin Logitech K120, ko na Dell da HP da ake sayarwa na hannu daga ofisoshin waje, ba shi da tsada idan an kwatanta da kuɗin kwamfutar, kuma a bakin USB kawai za a soka shi ya kama aiki.

Akwai ƙaramin ɓangaren lambobi da ake sayarwa shi kaɗai mai wayar USB. Yana da amfani, amma a gwada kafin a biya. Wasu suna da nasu Num Lock na cikin gida, suna kunna shi suna kashewa da kowane danni, wasu kuma idan ka danna 8 sai su aika wa kwamfuta saƙon kibiyar sama ta yau da kullum. A wurin mai gani duk ɗaya ne, a wurin manhajar karanta allo kuwa maɓallai biyu ne daban, umarnin ba zai yi ba.

Tarkon da ke cikin laftof

Laftof mai inci 15.6 sau da yawa tana zuwa da ɓangaren lambobi, ko da yake a matse. Mai inci 14 zuwa ƙasa kusan ba a samunsa. Wannan da sauƙi, hannu zai gaya maka nan take. Masu wuyar ganewa su ne ƙananan canje-canjen da ba a rubuta su a kwali.

Fara da kusurwar hagu ta ƙasa. A yawancin na'urori Control ne a ƙarshe, Fn na biye da shi. A ThinkPad na Lenovo da yawa, musamman na hannu da suka cika kasuwa, Fn ne a ƙarshe. Control kuwa shi ne maɓallin da ake dakatar da muryar manhaja da shi, ƙaramin yatsa yana kai masa duka ba tunani. Ana iya musanya su a cikin BIOS, wato saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ta tashi, amma BIOS ba ya magana, sai an sami mai gani a kusa. A sa mai shago ya yi kafin a bar wurin. A nan ne kuma za a gyara layin F1 zuwa F12. Sababbin laftof suna zuwa da layin a matsayin na ƙara sauti, rage haske, kashe makirufo, sai an haɗa da Fn kafin ya zama F na gaskiya. Illar ba ƙarama ba ce: mutum ya nemi Alt da F4 don rufe taga, ko F2 don gyara suna, yatsa ya faɗa kan maɓallin kashe sauti, kwamfuta ta yi tsit, shi kuma ba abin da zai gaya masa dalili. A Dell da Lenovo da yawa, Fn da Esc yana kulle layin ya koma F na asali. A HP galibi cikin BIOS ake kashe abin da suka kira Action Keys Mode. Shi kansa Fn a yawancin na'urori saƙonsa ba ya isa ga Windows, a cikin kibod yake ƙarewa, don haka manhajar sauya maɓallai irin SharpKeys ba ta da iko a kansa.

Sai a shafa layin F ɗin da yatsa. Kibod na tebur yana raba su huɗu-huɗu da ɗan fili a tsakani, F1 zuwa F4, F5 zuwa F8, F9 zuwa F12, shi ya sa ake samun F7 ba tare da ƙirge daga farko ba. ThinkPad ta riƙe wannan rabon, kuma wannan alheri ne babba. Wasu kuwa layi ɗaya ne santal daga Esc har Delete. Wasu ma sun sa maɓallin kunna na'ura a ƙarshen layin, daidai inda yatsa yake neman Delete. Idan an riga an sayi irin wannan, a shiga saitin wuta na Windows a zaɓi cewa danna maɓallin kada ya yi komai.

Kibiyoyi huɗu su ne ƙafafun makaho a kwamfuta. Nagari su ne waɗanda suka tsaya daban, uku a ƙasa ɗaya a sama, da fili a gefensu. Laftof da yawa yanzu sun raba gurbin maɓalli ɗaya gida biyu, rabi kibiyar sama rabi ta ƙasa, ga shi su biyun ne aka fi dannawa wajen karatu layi-layi. Home da End da Page Up da Page Down su ma a duba ko suna da maɓallan kansu. Idan sai da Fn da kibiya ake samunsu, to zaɓar rubutu daga inda kake har ƙarshen takarda ya zama Control da Shift da Fn da kibiyar dama, yatsu huɗu a kan abin da ake yi sau da yawa a rana. Maɓallin da yake buɗe jerin zaɓi, wanda ke tsakanin Alt da Control na dama, shi ma yana ɓacewa. Tun 2024 wasu sababbin laftof suka sa maɓallin Copilot a wannan gefen. Shift da F10 yana yin aikin maɓallin jerin zaɓin a yawancin wurare, wani dalili ke nan na gyara layin F tun farko.

Masu sha'awar MacBook su lura da abu biyu. Kibod ɗin Apple na laftof ba shi da Insert, VoiceOver, manhajar karanta allo ta Apple, da Control da Option take aiki, ko Caps Lock, wannan ba matsala ba ce sai ga mai niyyar ɗora Windows a kai. Amma MacBook Pro da aka fara fitarwa a 2016 masu Touch Bar, an cire musu layin F an sa gilashi mai santsi a madadinsa. Suna nan a kasuwar na hannu da farashi mai jan hankali. Ban ba makaho shawarar su ba.

Gwajin da ba a yi a shago

Akwai wata cuta ta kibod mai araha da ba a ganin ta da ido, ba a kuma jin ta da hannu. A ƙarƙashin maɓallai, layukan lantarki ne a miƙe da a gicciye kamar saƙar tabarma, kowane maɓalli yana zaune a mahaɗar layi biyu. Idan aka danna uku da suka faɗo a kusurwa uku na murabba'i ɗaya, na'urar da ke ciki ba ta iya tantance ko na huɗun ma an danna, sai ta ƙi aika na ukun gaba ɗaya. Masu ƙira sun san ana riƙe Shift da Control da Alt, sun ba su hanya ta daban. Amma ba su yi tsammanin wani zai riƙe Insert ko Caps Lock yana danna wasu ba, alhali aikin mai manhajar karanta allo ke nan kullum. Sakamakon shi ne umarni ɗaya ko biyu su ƙi yi sam, saura duk suna yi. Sai a ɗora laifin a kan manhaja, a goge ta a sake ɗorawa, ba canji.

Hanyar ganewa ba ta cin minti biyar. A tafi shago da NVDA a filasha. Kyauta ce, ƙungiyar NV Access ta Ostireliya ce take kula da ita, kuma a cikin jerin kayan aikinta akwai wurin yin kwafin da yake tashi daga filasha ba sai an ɗora shi a na'ura ba. Idan ta tashi, a danna maɓallin manhajar da 1 na layin sama. Wannan yana kunna taimakon kibod: duk abin da aka danna za ta faɗi sunansa da aikinsa, ba tare da ta aikata ba. A bi maɓallai ɗaya-ɗaya a ji sunansu. Sannan a tsarin laftof a riƙe Caps Lock da Shift da Control a danna kowace kibiya. Idan huɗun duk sun yi magana, madalla. Idan ɗaya ta yi shiru, kibod ɗin ne. A gwada da Shift na dama ma, wani lokaci ta can yana wucewa. Idan an manta filasha, Control da maɓallin Windows da Enter zai tayar da Narrator, ita ma maɓallinta da 1 yana kunna irin wannan taimakon.

Gwaji na biyu na masu rubuta birel, rubutun makafi na ɗigogi, ne a kan kibod na yau da kullum, inda F da D da S suke zama ɗigo 1 da 2 da 3, J da K da L su zama 4 da 5 da 6, kamar yadda ake yi a manhajojin rubuta birel irin Duxbury da Perky Duck. A buɗe Notepad a danna shidan lokaci guda. Haruffa shida za su fito, ko a wane jeri. Idan huɗu ko uku suka fito, wannan kibod ba zai rubuta cikakken gurbin birel ba, malamin da yake shirya wa ɗalibai takardun jarrabawa kuwa ba zai mori kuɗinsa ba. Tsada ba ta tabbatar da komai a nan. Ana samun tsohon kibod na ofis ya ci gwajin, sabo mai fitilu ya faɗi.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Na'urorin hannu suna shigowa daga Amurka da Ingila, jefi-jefi daga Jamus da Faransa. Abin da aka zana a kan maɓalli bai dami makaho ba, saitin Windows ne yake yanke harafin da zai fito. Abin da ya dame shi siffa ce. Ƙirar Turai tana da Enter dogo mai hawa biyu da gajeren Shift na hagu, da ƙarin maɓalli a gefensa wanda ƙaramin yatsa yake yawan faɗawa a kai. Ƙirar Amurka Enter a kwance, Shift dogo. Wanda ya saba da ɗaya ya nemi irinsa. A saiti kuma, Shift da 2 a tsarin Amurka alamar adireshin imel ce, a na Ingila alamar zance ce. Kalmar sirri da ta ƙi shiga alhali daidai aka rubuta ta, sau da yawa nan ne matsalar, tunda a gurbin kalmar sirri manhaja ba ta faɗin harafin da aka danna.

Ga mai rubuta Hausa, Alt na dama dole ne ya kasance. Windows tana da tsarin kibod na Hausa, ana ƙara shi ta saitin harshe, ana sauyawa da maɓallin Windows da sandar tazara. A cikinsa Alt na dama da b, d, k, y su ne suke ba da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. A Word akwai wata hanyar: a rubuta 0253 a danna Alt da X, ɓ ta fito, 0257 ta ba da ɗ, 0199 ta ba da ƙ. Muryoyin Turanci ba su san waɗannan haruffa ba, wata ta yi shiru a kansu, wata ta karanto dogon suna. A NVDA ana shiga wurin furucin alamomi a ƙara kowane harafi a ba shi sunan da kunne zai gane, misali “ka mai ƙugiya”, yadda idan aka bi kalma harafi-harafi za a bambance ƙasa da kasa.

Game da irin maɓallin, ba zan tsawaita ba. Kibod na makanika yana da zurfin kusan milimita 4, na laftof bai cika wuce 1.5 ba, zurfin kuwa yana taimaka wa yatsa ya tabbata ya danna. A cikin ƙirar Cherry MX da masu kwaikwayonta, da launi ake bambanta irin maɓalli: shuɗi yana ƙara kamar tafireta, ƙarar tana rufe muryar manhaja, a ofis kuma tana damun maƙwabta. Ja ba shi da tudu ko kaɗan, taɓawa kaɗan ya shiga, mai lalube yana tara kurakurai. Ruwan ƙasa shi ne tsaka-tsaki, ana jin ɗan tudu a yatsa ba hayaniya. Ƙananan kibod na 'yan wasan kwamfuta masu maɓallai 61 kuwa, babu layin F, babu kibiyoyi, babu Insert. A bar su a shago.

Mai waya ya fi marar waya kwanciyar hankali, saboda duk abin da marar waya yake son sanar da kai, da fitila yake faɗa: batir ya yi ƙasa, yana neman haɗi, ya koma na'ura ta biyu. Na Bluetooth kuma yana barci idan an daɗe ba a taɓa shi ba, dannin farko ya tafi wajen tashinsa. Mai ɗan tsinken USB ya fi sauƙi, ba a haɗa shi da komai, yana aiki tun kafin Windows ta gama tashi, sai dai idan tsinken ya ɓata an yi asara. Inda Bluetooth yake da rana shi ne waya. Kibod irin Logitech K380 yana riƙe na'ura uku, batir biyu ƙanana yake ci, yana shiga jaka, ga ɗalibin da wayarsa ce kwamfutarsa ya fi shafa gilashi nesa ba kusa ba.

Na'urar birel

Wanda ya taso da rubutun makafi, kamar waɗanda suka bi ta makarantar Gindiri da ke ƙaramar hukumar Mangu, wadda mishan ta Sudan United Mission ta kafa a 1953, ko makarantar makafi ta Jabi a Abuja, yatsunsa sun san tsarin injin buga birel na Perkins tun kafin su san kibod. Na'urar birel ta zamani tana haɗa abu biyu: layin ƙananan ƙusoshi masu tashi da sauka da ake karantawa, da maɓallai takwas da sandar tazara da ake rubutu da su. A NVDA ɗigo na 7 yana goge harafi, na 8 yana zama Enter. Yawan gurabe ya bambanta, akwai 14, 20, 32, 40, har 80. Layin babbar takardar birel gurbi 40 ne, shi ya sa masu dogon karatu suka fi son 40, kamar Focus 40 Blue na Freedom Scientific ko Brailliant BI 40X na HumanWare. Kuɗinsu daga dala 2,500 ne zuwa sama. Orbit Reader 20 bai kai dala 1,000 ba, ƙusoshinsa suna da ƙarfi a yatsa, amma ana jin ƙararsu idan layi yana sauyawa, kuma samfurin farko ba shi da ƙananan maɓallan da ke saman kowane gurbi, waɗanda idan ka danna ɗaya alamar rubutu take tsallakowa kan harafin. Ga mai karanta littafi rashinsu ba komai. Ga mai gyaran rubutu, lauya ko ɗan jarida ko mai rubuta kundin digiri, su ne rabin amfanin na'urar.

Rubuta kalmomi da maɓallan birel yana da sauri. Ba wa Windows umarni da su ne yake da wahala, domin Alt da Tab ko Control da S sai an haddace haɗin ɗigogi da ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura. Dalilin ke nan da aka yi Mantis Q40, layin birel 40 da kibod irin na laftof a jiki ɗaya. Wanda kuma rubutun kawai yake so ba karatu ba, akwai Orbit Writer da Hable One, maɓallan birel zalla da ake haɗawa da waya. Kafin a sayi waɗannan ma a gwada maɓallan birel na kan gilashin waya, don iPhone tana da shi tun 2014, TalkBack, manhajar karanta allo ta Android, kuma tun 2020, ba a biyan ko kwabo.

Najeriya ta karɓi tsarin birel na Turanci na bai ɗaya, UEB, tun 2005, shi ake zaɓa a saitin manhaja. Amma idan Hausa za a rubuta ko a karanta, a koma mataki na ɗaya marar gajarce-gajarce. A mataki na biyu manhaja tana ɗaukar komai Turanci ne, sai ka ji kalmar “wanda” ta fito da w, da alamar nan guda ta kalmar Turanci mai haruffa a, n, d, sannan a. Ana iya sabawa, amma yaro mai koyo rikicewa yake yi.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Ƙurar hunturu tana shiga ramukan ƙusoshi, idan ta haɗu da basilin ko man kaɗanya da aka shafa don kaushi sai ta zama danƙo, ɗigo ya maƙale a sama ko ya ƙi tasowa, harafi ya koma wani. A wanke hannu a busar kafin a taɓa na'urar, a rufe ta a jakarta da an gama. A sanyin Jos na Disamba da Janairu, yatsa mai sanyi ba ya jin ɗigo sosai, a ɗumama hannu tukuna kafin a ce na'ura ta lalace. Ƙungiya ko mai hali da zai ba da irin wannan kyauta ya tambayi dillali tun farko ina ake kai ta gyara, wa zai biya kuɗin aikawa.

Sauran kayan ba su kai waɗannan nauyi ba. Faifan shafa na laftof ya fi kawo ɓarna: tafin hannu ya goge shi, alamar rubutu ta koma wani sakin layi, mutum ya ci gaba da rubutu a inda bai nufa ba. A kashe shi a saitin Windows, a ajiye ƙaramin linzami a jaka don ranar da mai gani zai taimaka. A Mac kuwa faifan yana da amfani, VoiceOver tana karɓar shafa irin ta iPhone a kansa. Na'urar karanta zanen yatsa tana raba mutum da rubuta kalmar sirri a gaban jama'a, sai dai a yi rajistar yatsu biyu ko uku, don fatar da ta bushe da hunturu ba kullum take karɓuwa ba. Mai yin rubutu da murya ya sa iyafis, in ba haka ba makirufo zai ɗauki muryar manhaja ya rubuta ta cikin takarda. Iyafis ɗin ma mai waya ya fi, na Bluetooth yana jinkirta murya, yana kuma cinye gaɓar farko ta magana bayan ɗan shiru. Sikana don karanta takardun da aka buga, a saita ta a 300 dpi. Ƙirar LiDE ta Canon daga USB kaɗai take shan wuta, ko an ɗauke wuta tana aiki muddin batirin laftof yana da rai.

Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta nemi ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, don haka ofisoshin Abuja za su ƙara samun ma'aikata makafi. Mai sayo wa ofis kaya yakan yi odar laftof iri ɗaya ga kowa. Ba sai an canza odar ba, a dai tambayi ma'aikacin wace manhaja yake amfani da ita, wane tsari ya saba da shi, a ƙara masa cikakken kibod mai waya da iyafis. A gida ma haka, iyaye su tafi kasuwa da mai abin, shi zai zauna ya danna.

Idan an kawo kibod gida, a sa masa alama kaɗan. Ɗigon gam mai ƙarfi ko na jan farce da aka bari ya bushe sosai ya isa, a kan F4 da F8 da F12 idan layin ba shi da rabo, da Delete, da maɓallin kashe sauti don a san inda za a koma idan murya ta ɗauke. Alama ta wuce biyar ko shida, yatsa ya daina bambance su. A kunna ƙarar Caps Lock da Num Lock ta hanyar riƙe Num Lock daƙiƙa 5, daga nan duk lokacin da ɗaya ya kunnu ko ya mutu za a ji ɗan sauti. Idan wata rana kibod ya yi kamar ya mutu, ba ya karɓar danni sai an riƙe, a duba Filter Keys, wanda riƙe Shift na dama daƙiƙa 8 yake kunnawa, kuma mai tsayawa yana sauraron manhaja da yatsa a kan Shift yana faɗawa cikinsa ba da sani ba. Sau ɗaya a mako a lokacin ƙura, a cire wayar, a kifa kibod ɗin a bubbuga bayansa a hankali, a bi tsakanin maɓallai da busasshen burushin fenti.